Tambaya da Amsa: Laima da Giwa Sun Raba Min Gida, Ga Auren 'Yata Ya Matso

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mai sayar da koko da ƙosai ce a Aboabo, nan Kumasi, ƙasar Ghana. Tun da aka shiga kakar zaɓen nan na 2024 ban ƙara zama wurin sana'ata da kwanciyar hankali ba. Laimar da nake fakewa a ƙarƙashinta koriya ce, a Kejetia na saye ta saboda rana. Samarin da ke shan shayi a tsallaken titi, waɗanda tun suna 'yan makaranta nake ba su ƙosai bashi, sun daina zuwa, wai na kafa tutar jam'iyyar NDC, mai alamar laima.

Wannan ma da sauƙi. Maigidana tela ne, ɗan laima tun zamanin Shugaba Rawlings. Yayansa, wanda muke gida ɗaya da shi, bana ya koma giwa, wato jam'iyyar NPP, ya ce tunda ta tsayar da Musulmi, Dakta Bawumia, ba zai juya masa baya ba. Wani dare bayan Isha'i magana ta yi zafi a tsakar gida. Maigidana ya ce masa, "Yaya, ka manta motar da ta tafi da kawunmu a zamanin Busia?" Shi kuma ya ce, "Ku ai an mayar da ku akuyar ɗaure, ƙuri'arku kawai ake so." Yau mako uku ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Kwano biyu nake zubawa, ina kai wa kowa ƙofar ɗakinsa.

An sa ɗaurin auren 'yata ta fari ranar Lahadi 1 ga Disamba, kwana shida kafin zaɓe, kuma baffan nata ne waliyyi. Maigidana ya rantse wani zai nema. Yarinyar tana kuka a ɓoye. Hajiya, in ɗage bikin ne, ko yaya zan yi?

Uwar amarya, Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya sa alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki ɗage bikin nan. In kin ɗage, bayan 7 ga Disamba dole ɗayansu ya kasance wanda ya faɗi, kuma sulhu da mai jin kunya ya fi sulhu da mai fushi wuya.

Maganar motar da maigidanki ya yi ta tsaya min a rai, don ni ma na ga irin motocin. Ina yarinya a Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia, wanda 'yan NPP ke ɗauka cikin magabatansu, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Maƙwabciyarmu, wadda ita ke min kitso, ta sayar da keken ɗinkinta da tukwanenta a wulaƙance, ta hau babbar mota da 'ya'yan da a nan aka yanke musu cibiya. Ban sake ganinta ba. Wannan ciwon yana cikin abin da ya sa har yau mazaɓar Asawase, inda Aboabo take, ta zama tsibirin laima a tsakiyar yankin Ashanti, inda giwa ta fi ƙarfi. Saboda haka kada ki ce wa maigidanki "siyasa ce kawai". A wurinsa kawunsa ne.

Amma yayan nasa ma kawunsa ne aka tafi da shi, kuma bai manta ba. Abin da yake nema shi ne ya ga an daina kallon ɗan Zango a matsayin baƙo, yana ganin hanyar ita ce nasa ya hau kujera. Ya ga marigayi Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas tare da Shugaba Kufuor na NPP, ya ga an kafa asusun raya Zango a gwamnatin NPP ta Shugaba Akufo-Addo. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, ba cin amana ya yi ba. Rauni ɗaya ne ke damun su biyun, kowa da maganin da ya yarda da shi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne waɗanda ake wannan gaba dominsu ba haka suke yi ba. A watan Agustan 2013, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan zaɓen 2012, Akufo-Addo, ɗan takarar NPP, ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa, ya kira John Mahama na NDC ya taya shi murna. Majalisar da aka zaɓa a 2020, kujera 137 nan 137 can, har dambe an yi a cikinta, amma sun yi shekara huɗu suna zama a zaure ɗaya, suna zuwa jana'izar juna. Tun 1992, kafin zaɓen nan na 2024, mulki ya sauya hannu sau uku, a 2000 da 2008 da 2016. Kokonki dai bai taɓa sayar da kansa ba a ko ɗaya daga cikinsu.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Kada ki shiga tsakani da kanki, don matar ƙane ba ta yi wa yayan miji shari'a, kuma duk abin da kika faɗa za a ce bakin mijinki ne. Ki je wurin gwaggonsu ko duk wanda ya rage a tsaran iyayensu, ki haɗa da limamin masallacin da suke salla. Ki roƙe su kada su taɓo wanda ya fi gaskiya. Magana ɗaya ce: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, su kuwa sun yi ashirin da ɗaya. Rantsuwar maigidanki kuma tana da kaffara, liman zai faɗa masa.

Sannan ki tura yarinyar da kanta, da sassafe, ta kai wa baffanta koko mai zafi, ta durƙusa ta ce, "Baba, ni dai kai nake so ka ba da ni." Ki bari maigidanki ya ji daga ɗakinsa.

Ranar biki a sanar tun a masallaci cewa ba rigar jam'iyya, ba waƙar jam'iyya a lasifika, kuma in ɗan takara ya aiko da gudummawa, a karɓa a ciki ba tare da shela ba. Laimarki kuwa ki bar ta inda take. Gobe ki aika wa samarin nan ƙosan sidi goma su haɗa da shayinsu, ki ce a gaya musu kina buƙatar masu jera kujeru ranar Lahadin.