Tambayi Makanike: sunan da ke kan kwali ne yake tace baƙin mai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba makanike. Ni direban Hiace ne mai shan gazuwal, ina jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram. Duk lokacin juye sai mun yi gardama da maigidana. Shi ya ce filtar da ba ta da sunan Toyota kada a kusantar da ita injinsa. Makanikena kuma ya ce ɓarnar kuɗi ne, duk tafiyarsu ɗaya, fenti ne kawai ya bambanta. Da na je kasuwa aka fito mini da kwali biyu iri ɗaya sak, duka da sunan Toyota, ɗaya jika 2, ɗaya jika 7. Wa ke da gaskiya?
Daga wani direba, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Maigidanka ya riƙe rabin gaskiya, makanikenka ya riƙe ɗaya rabin, amma mai shagon da ya ajiye maka kwali biyu ya fi su duka sanin abin da ke ciki.

Bari in fara da makanike. Kamfanonin mota ba su cika ƙera filta da hannunsu ba, kwangila suke bayarwa. Da yawa daga cikin filtocin da ke zuwa da sunan Toyota aikin Denso ne, kamfanin da ya fita daga jikin Toyota ɗin a 1949. A Turai ma haka abin yake. Mann+Hummel na Jamus yana yi wa kamfanonin mota da sunansu, yana kuma sayar da tasa da sunan Mann. Purolator na Amurka a hannunsa yake tun 2013, a 2016 kuma ya haɗa da Wix da Filtron. Ka ga ke nan mutum biyu za su iya kwana suna musu, wannan ya ce ta Jamus, wancan ya ce ta Amurka, alhali kuɗinsu aljihu ɗaya yake shiga. Sakura ma da ake yawan gani a shagunan nan, da yawa cikin direbobi sun ɗauka daga Japan take zuwa. Ta Indonesiya ce, kuma wannan bai rage ta da komai ba.

Inda makanike ya zame shi ne cewa duk ɗaya ne. Ko masana'anta guda ce ta yi su, kowace filta da ma'aunin da aka ba ta. In ka yanka gwangwanin za ka tarar da abubuwa uku masu muhimmanci, kuma ba duka ake gani daga waje ba.

Na farko takardar da aka nannaɗe, ita ce mai tacewa. Dattin da ke cinye inji ba wanda ido ke gani ba ne. Kaurin gashin kai ya kai wajen maikiron 70 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), abin da ake so takardar ta kama kuwa ya kama daga maikiron 20 zuwa 40. Aikinta kamar na rariya ne: in idonta ya yi faɗi tsaki ya wuce, in ya matse da yawa ta toshe da wuri. Shi ya sa ake yi mata ninki da yawa, don a samu fili. Filtar banza ninkinta kaɗan ne, a wawware, gam ɗin da ya riƙe bakinta kuma yana saki in mai ya yi zafi. Da ya saki, man sai ya bi ta ɓarakar ya koma inji da dattinsa, kai kuwa kana tafe hankali kwance, don babu fitilar da za ta kama.

Na biyu wani ɗan bawul ne mai sifirin. Da asuba lokacin sanyi, in mai ya yi kauri, ko in takarda ta toshe, shi ke buɗewa mai ya zagaye ya wuce, domin mai mai datti ya fi babu. In sifirin ɗin ya yi laushi, bawul ya zauna a buɗe kullum, to gwangwani kawai ka ɗaura. In ya yi tauri fiye da kima kuma, injin ya kwana da ƙishirwa.

Na uku robar da ake hangowa ta ƙananan ramukan gindin filta. Ita ke hana mai sulalewa ya koma ƙasa in ka kashe mota. Wannan ita kaɗai ce za ka iya gwadawa ba tare da ka yanka komai ba. Tada motar da safe ka zuba wa jar fitilar mai ido. In ta mutu nan take, madalla. In ta daɗe tana ci, kana jin inji yana kaf-kaf-kaf kafin ya lafa, alhali da tsohuwar filta ba ya yin haka, to robar ba ta riƙewa. Wannan ƙarar ƙarfe ne ke gogar ƙarfe ba mai, kuma kowace safiya sai an ci wani abu a jikin injin. Ana cewa ja ko ruwan lemo ita ce silikon mai jure zafi, baƙa kuma roba ce gama-gari. Haka ne a wurin kamfanonin kirki. Masu jabu ma sun ji labarin, kuma launi ba shi da tsada.

Yanzu ga maigidanka. Ta Toyota ta asali filta ce mai kyau, an auna ta daidai da injin, ba ni da ja. Matsalar ita ce irin son da yake yi wa sunan shi ne jarin masu jabu. Ba wanda zai ɓata lokaci ya kwaikwayi sunan da ba a nema. Kwali da tambari da fenti su ne mafi sauƙin kwafa a jikin filta, su ne kuma kaɗai mai saye yake dubawa. Na sha yanka filtar da direba ya rantse mini ta asali ce, kwalinta har sheƙi yake, in tarar da takarda ba ta kai rabin gwangwani ba, tsatsa kuma ta fara cin gindin tun kafin a ɗaura. Na kuma yanka mai sunan da ba a yi wa kallon arziki, in same ta tsaf. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka ta jika 2 mai sunan Toyota ni ba zan taɓa ta ba. Ta jika 7 kuma kuɗinta ba shaida ba ne, don wanda ya iya buga kwali ya iya tsuga farashi. In ba ka da tabbacin inda aka saro ta, gara ka ɗauki ta kamfanin da ya sa sunan kansa, Mann ko Mahle ko Purflux ko Sakura, a hannun mai shagon da ba zai iya ɓuya maka ba gobe. Su ma ana yin jabunsu, amma mai shagon da ya san za ka dawo kowane wata yana jin nauyin idonka.

Ka riƙe lambar, ita ta fi suna amfani. Yawancin filtocin Toyota masu gwangwani lambarsu tana farawa da 90915, waɗanda takarda ce zalla ake zurawa cikin gida kuma da 04152. Rubuta ta motarka cikakkiya ka ajiye a waya. Kada ka yarda da "ai ta hau". Haƙoran ɗaurin wasu motoci sun yi kusa da juna har filta ta kama kamar tata, sai an hau kwalta mai ya yi ƙarfi ta tofar.

Ga abin da zai raba gardamar gidanku. A juye na gaba kada yaron gareji ya jefar da tsohuwar. Ku yanka ta a gaban Alhaji, ku ware takardar, ku ƙirga ninkin, ku taɓa robar ku ji ko ta bushe. Juye na gaba da wancan ku yanka ɗaya irin. Maraɗi zuwa Damagaram ya haura kilomita 230, wato in kana juye a kilomita 5,000 kamar yadda ya dace da tsohon injin gazuwal a ƙasa mai ƙura irin tamu, zuwa da dawowa 10 ko 11 ne kawai. Ba za ku daɗe kuna jira ba.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Corolla gare ni 'yar Kwatano, maigidana kuma yana da Hilux. An sa mana filta iri ɗaya rana ɗaya. Man tawa har yanzu garau yake, nasa kuwa kwana biyu ya koma baƙi ƙirin. Ya ce an cuce shi da jabu. Haka ne?
Daga wata malamar makaranta, Tibiri.

AMSA: Malama, a gaida Alhaji, a ce masa ya huce. In Hilux ɗin mai gazuwal ce, baƙin nan toka ce ta ƙonewar gazuwal, ƙwayoyinta ba su kai maikiron 1 ba, babu filtar mota da ke kama su, komai tsadarta. Man ne aka haɗa shi don ya riƙe su kada su daskare a jikin inji. Taki mai fetur ce, dole ta daɗe ba ta yi duhu ba. Abin da ya ɗaga mini hankali a wasiƙarki shi ne "iri ɗaya". In suna kike nufi, babu laifi. In lamba ɗaya ce aka ɗaura wa Corolla da Hilux, a koma gareji yau.

Kuma duk lokacin da iskar hunturu ta kusa, ku duba filtar iska. Yawancin yashin da ke shiga baƙin mai ta can yake bi. Mutane za su yi ta ciniki a kan filtar mai, ta iska kuwa ta shekara ana kaɗe ta a jikin taya har ta yage.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ogana yana wanke tsohuwar filta da fetur ya mayar in mai mota ba shi da kuɗi. Ya ce in ta asali ce tana juye uku. Ni ma in koya?
Daga wani ɗan koyo, Gidan Rumji.

AMSA: A'a yaro, wannan kada ka ɗauka. Fetur yana wanke gwangwani ne, dattin yana maƙale cikin jikin takardar, abin da ya saki kuma yana iya faɗawa ɓangaren mai tsabta ya tafi inji kai tsaye. Sabuwa mai matsakaicin kuɗi ta fi ta asali da aka wanke. Ba na ce ka yi wa oganka musu a gaban mutane ba, ka bari sai kun keɓe.

Abin da za ka koya shi ne ɗauri. In ka kwance tsohuwa, duba ko robar bakinta ta fito tare da ita, don takan manne a jikin inji, in ka ɗora sabuwa a kanta mai zai tsiyaye cikin 'yan mintoci. Shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa, juya da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Sifana ta kwancewa ce. Ka tada mota, ka leƙa ƙasa, ka kashe, ka jira kaɗan ka sake auna mai kafin ka miƙa makulli.