Shiga ƙungiyar manoma da shuka ingantaccen iri: yaya zan tabbatar da alaƙarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen aikin gona. Na yi wa manoma 100 tambayoyi. Mutum 60 suna cikin ƙungiyar manoma, 38 daga cikinsu suna shuka ingantaccen iri. Sauran 40 ba sa cikin kowace ƙungiya, 12 ne kawai a cikinsu suke shuka shi. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na yi gwajin kai-sikwaya. To ai kashi 63 da kashi 30 bambanci ne a fili, me gwajin zai ƙara min?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'a. Malaminki yana da gaskiya. Ba manoman yankin duka kika tambaya ba, 100 kika tsamo daga cikinsu, kuma da wasu 100 kika ci karo da su da alƙaluman sun sauya. Gwajin, wanda Karl Pearson ya fitar a Landan a 1900, yana auna ko irin wannan tazara tana iya fitowa bisa dace kawai alhali babu wata alaƙa.

Fara da zana jadawali mai gida huɗu: 'yan ƙungiya da waɗanda ba sa ciki a layuka, masu shuka irin da marasa shuka shi a ginshiƙai. Sai ki tambayi kanki yadda jadawalin zai kasance da a ce babu alaƙar. Cikin manomanki 100, mutum 50 ne ke shuka ingantaccen iri, wato rabi. Ke nan da sai a sami 30 cikin 'yan ƙungiya 60, da 20 cikin sauran 40. Waɗannan su ne adadin da ake tsammani. Ana samun na kowane gida ta ninka jimillar layinsa da jimillar ginshiƙinsa, a raba da jimillar mutane.

Sai ki bi gidaje huɗun. Kin ga 38 inda ake tsammanin 30, 22 a madadin 30, 12 a madadin 20, 28 a madadin 20. Tazarar 8 ce a ko'ina. Ninka ta da kanta, 64, ki raba da adadin da ake tsammani: 2.13 sau biyu, 3.2 sau biyu. Jimilla kusan 10.67, ita ce ƙimar kai-sikwaya (χ²) ɗinki.

Da me za a gwada ta? Da teburin da ke bayan littattafan ƙididdiga, bisa darajar 'yanci, wato yawan layuka a cire ɗaya, a ninka da yawan ginshiƙai a cire ɗaya. (Pearson kansa ya yi kuskure a wannan ƙirge, Ronald Fisher ne ya gyara a 1922.) Naki 1 ne, kuma iyakarsa a matakin 0.05 ita ce 3.84. Kin zarce ta da nisa, ƙimar p ɗinki, wato yiwuwar samun tazara irin wannan ko fiye bisa dace kawai alhali babu alaƙa, tana wajen 0.001, ƙasa da 0.05 sosai. Kina da hujjar cewa akwai alaƙa.

Inda nake so ki kula sosai shi ne fassarar sakamakon, don a nan ɗalibai suka fi zamewa gaban masu jarrabawa. Kada ki rubuta cewa shiga ƙungiya ne ya sa suke shuka irin. Gwajin bai faɗi haka ba, ba kuma zai iya faɗa ba. Wataƙila masu manyan gonaki ne suka fi shiga ƙungiya, su ne kuma ke da kuɗin sayen iri. Wataƙila ma labarin rabon iri ne ya jawo wasu cikin ƙungiyar tun farko. Idan kin tambayi girman gona, raba manoman kashi biyu, masu manya da masu ƙanana, ki duba ko alaƙar tana nan a kowane ɓangare.

Ƙarancin p kuma ba ya nuna ƙarfin alaƙa. Da manoma 10,000 kika tambaya, tazara 'yar ƙanƙanuwa ma za ta tsallake 3.84. Don haka ki haɗa da ma'aunin Cramér, wanda yake daga 0 zuwa 1. Naki kusan 0.33 ne, alaƙa matsakaiciya.

Sharuɗɗan gwajin ba su da yawa. Adadin mutane ake sakawa, ba kashi cikin ɗari ba. Kowane manomi ya faɗa gida ɗaya tak. Adadin da ake tsammani kuma kada ya gaza 5 a gida. Idan jadawali mai gida huɗu ya gaza haka, gwajin Fisher ake komawa. Naki mafi ƙanƙanta 20 ne, babu damuwa.

Idan da manhajar ƙididdiga ta SPSS za ki yi, yana ƙarƙashin Crosstabs. Za ki ga layi na biyu mai gyaran Yates, wato ɗan gyaran da ake yi wa jadawali mai gida huɗu, da ƙima ƙasa kaɗan, wajen 9.4, hukuncin bai sauya ba. A rahoton ki sa jadawalin, kason kowane rukuni, χ², darajar 'yanci, p da ma'aunin Cramér.