Katin inshora a hannu, haƙori na zugi: wa zai biya?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan haƙori da kuɗi. Na taƙaita su saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Kaduna, shekarata 34, ina cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIA, tun da na kama aiki. Mataunina na ƙasa ya yi kogo, kwana biyar ke nan ban yi barcin kirki ba. Likita ya ce haƙorin zai tsira idan aka kashe jijiyarsa aka sa masa hula, amma kuɗin ya fi albashina na wata guda. Da na miƙa kati sai aka ce mini cirewa kawai katin zai ɗauka. In cire in huta, ko in ci bashi in gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Wanda bai taɓa kwana da ciwon matauni ba ba zai gane abin da kike ciki ba.

Kafin mu kai ga cirewa ko bashi, kada ki ɗauki maganar wanda ke zaune a teburin karɓar kati a matsayin hukunci. An haɗa miki aiki biyu a baki ɗaya. Kashe jijiya daban, hula daban. A ƙa'idojin da NHIA ta gada daga tsohuwar NHIS, abubuwan da aka fitar ƙarara daga ɓangaren haƙori su ne hula, gadar da ake ɗorawa a cike giɓi, dashen haƙori da aikin hasken haƙora. To hular dai ki sa a ranki daga aljihunki za ta fito. Amma aikin jijiyar, ki koma asibitin da aka yi miki rajista su rubuta miki takardar tura ki wurin likitan haƙori, su nemo lambar amincewa daga kamfanin HMO ɗinki, wato kamfanin da ke biyan asibiti a madadin inshorar, a kan wannan aikin shi kaɗai. Idan aka ƙi, ki ce a ba ki dalilin a rubuce, ki ɗauke shi zuwa ofishin NHIA na jiha. Sau da yawa "kati ba ya ɗauka" ma'anarsa "abin da za a biya mu bai kai wahalarmu ba, kuma sai ya daɗe bai zo ba". Ban ga laifin asibitin ɗari bisa ɗari ba, amma ba ke ce za ki ɗauki wannan asarar ki yi shiru ba.

Yanzu batun haƙorin kansa. Ki tambayi likita wanne ne. Idan na can ƙuryar baki ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, a cire shi kawai, babu mai makokinsa. Idan kuwa ɗaya ne daga cikin manyan matauna biyu da ke gabansa, waɗanda su ke ɗaukar tuwo da nama da aya, a shekara 34 ni ba zan so ki rasa shi ba. Giɓin matauni ba ya zama yadda aka bar shi. Na kusa da shi sai su fara kwantowa cikin ramin, na sama da ya rasa abokin karo sai ya riƙa zazzagowa a hankali, abinci ya sami maɓoya, nan da wasu shekaru ki koma da kogo biyu maimakon ɗaya. Ranar da kika so cike giɓin kuma, gada ko dashe za a ce miki, kuma dukkansu sun fi hular yau tsada, dukkansu kati ba ya ɗauka. Haƙorin roba mai cirewa ya fi sauƙi, amma ki tambayi duk mai sa shi ko yana jin daɗin tsire.

Ba dole ba ne a biya komai rana ɗaya. Ana fara aikin jijiya, zugin ya tsaya, a yi ciko, sannan hula ta biyo baya. Ki tambayi likitan tsawon lokacin da zai yarda ki jira, kuma kafin nan kada ki tauna ƙashi ko ƙanƙara a wannan ɓangaren, domin mataunin da aka raba da jijiya yana saurin darewa, kuma in ya dare har saiwa, kuɗin jijiyar ma ya tafi a banza. Ki kuma ji farashi a asibitin koyarwa. Daga Kaduna zuwa na Shika da ke Zariya ba nisa. Akwai layi, akwai "dawo mako mai zuwa", amma bambancin kuɗin yakan isa a jure.

Abu guda da ba ya jiran lambar amincewa: idan kunci ya kumbura ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ko haɗiyar yawu ta fara wuya, ki tafi asibiti a daren. Kanumfari yana lafar da zugi na ɗan lokaci. Kafso daga kemis yana kwantar da kumburi ya bar tushen ciwon yana nan. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, ko su danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman bakinsu kawai suke yi.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Mata biyu, 'ya'ya tara. Wani yaro mai tallar inshorar lafiya ta kamfani ya zo shago ya nuna mini tsari iri uku, ya ce in ɗauki na sama saboda "har da haƙori a ciki". Da ma kuɗin asibiti ya ishe ni. Shekara uku da suka wuce abin da nake kashewa bai kai rabin na yanzu ba. In ɗauka?

Amsa: Alhaji, kai da kake sayen kaya da dala ba sai na yi maka dogon bayani a kan tsadar ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Kujerar likitan haƙori, allurar kashe zafi, garin ciko, safar hannu, fim ɗin hoto, kusan babu wanda ba daga waje yake zuwa ba. Tukunyar da ake dafa ƙarafan aiki a kashe ƙwayoyin cuta wuta take ci, wutar kuma ta janareta ce, ga tallafin fetur an janye tun 29 ga Mayun 2023. A watan Agustan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya, farashin magunguna irin su Augmentin ya yi tashin gwauron zabo. Ga likitoci na ta ficewa ƙasashen waje. Duk wannan a kan majinyaci yake sauka, tunda sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane kai tsaye yake fita.

To amma "har da haƙori a ciki" magana ce irin ta 'yan kasuwa, kamar ka ce wa mai saye "ba ta zuba". Kira yaron ya dawo da takardar tsarin gaba ɗaya, ba 'yar ƙasidar talla mai hoton mutane suna murmushi ba. Ka ce ya ɗora yatsa a kan layin da ya faɗi iyakar abin da za su kashe wa haƙorin mutum ɗaya a shekara. Akwai wannan layin, ko da ƙananan baƙaƙe aka rubuta shi. Sai ka cire kuɗin tsari na tsakiya daga na sama, ka ga nawa ne ƙarin da za ka biya. Idan ƙarin ya kusa kai iyakar da suka sa, to kuɗinka ne kawai za ka ba su ajiya, kuma ajiyar da in shekara ta ƙare ba ka taɓa ta ba, ta zama tasu. Ka tambaye shi wata nawa za ka jira bayan biya kafin a yarda a taɓa maka haƙori, ko suna ɗaukar ciwon da ka shigo da shi, da kuma sunayen asibitocin haƙorin da suke hulɗa da su a cikin Kano. In biyu ne kacal kuma a Nasarawa GRA, ka san inda aka dosa.

Sai maganar da ya kamata ta zo farko: me suke nufi da "iyali"? A tsarin ma'aikata na tarayya, iyali shi ne mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kamfanoni da yawa a kan wannan ma'aunin suke. Gidanka mutum goma sha biyu ne. Rabi ke nan suna waje sai an biya musu daban, kuma ina jiye maka ranar da amarya za ta gano sunan uwargida ne a kati.

Ra'ayina, ka shiga inshora, amma ba don haƙori ba. Ka shiga don abin da ke karya ɗan kasuwa a dare ɗaya: tiyatar haihuwa, kwanciya asibiti, haɗarin mota. Kafin ka sa hannu da kamfani, ka leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, wato KSCHMA, da na NHIA, ka ji tsarinsu na masu sana'ar kansu, ka gwada farashi. Shi kuwa haƙori, inshorarsa a baibai take. Inshorar mota ba ta saya maka baƙin mai, tana jiran ranar da motar ta yi raga-raga. Ta haƙori tana biyan wanki da ciko da cirewa, ranar da babban aiki ya zo sai ta ja da baya. Saboda haka abin da ta yarda ta biya, ka cinye shi tas: kai yaran a duba su ko ba sa kuka da komai, a wanke wa manya, a cike ƙaramin kogo tun yana ƙarami. Ƙarin da za ka ba kamfani kuma ka zuba shi a adashe ko wani asusu da ba ka taɓawa.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗan Zangon Kumasi ne, ina aiki a Bronx, birnin New York. Ina da inshorar haƙori ta wurin aiki. An ce haƙora biyu suna bukatar aikin jijiya da hula, ɗaya kuma dashe. Inshorar ta ce dala 1,500 kawai za ta biya a shekara. Shin ba gara in sayi tikiti in je gida a yi mini ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai aka yi wa haka ba. Yawancin tsare-tsaren haƙori a Amurka iyakarsu tsakanin dala 1,000 ne zuwa 2,000 a shekara, kuma wannan adadi bai motsa sosai ba tun shekarun 1970, alhali kuɗin aikin ya ninka ya sake ninkawa. Yadda aka saba rabawa, suna biyan duba da wanki duka, kashi 80 na ciko, rabin kuɗin hula, har a kai iyakar. Haƙori ɗaya mai jijiya da hula ya isa ya cinye ta. Ko tsofaffin da ke kan ainihin tsarin Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin Amurka, ba a biya musu aikin haƙori na yau da kullum.

Ka sa ofishin likitan ya aika wa kamfanin lissafin aikin tun kafin a fara, su dawo da abin da za su biya a rubuce. Ka tambayi watan da iyakarka ke sabuntawa. Idan Janairu ne, kamar yadda yake a mafi yawa, a yi haƙorin da ya fi matsawa kafin ƙarshen Disamba, na biyu bayan sabuwar shekara, ka ci iyaka biyu, muddin likita ya ce na biyun zai iya jira. Makarantun koyon aikin haƙori na jami'o'in NYU da Columbia suna karɓar majinyata a farashi mai sauƙi. Ɗalibai ne ke aikin, malamansu na tsaye a kansu, sai dai zama ɗaya yakan ci maka rabin yini.

Zuwa gida kuwa, in da ma kana da niyyar zuwa sallah ko biki, aikin jijiya da hula yana yiwuwa cikin 'yan makonni a hannun ƙwararre a Kumasi ko Akra. Dashe ne ba na so ka yi wa gaggawa. Ana kafa ƙarfen a ƙashi, a jira watanni ya kama, sannan a ɗora haƙorin, wato tikiti biyu ke nan. In ya ba da matsala bayan ka koma, likitan Bronx ba zai yi murnar gyara aikin wani ba, kuma ba lallai ne yana da kayan irin ƙarfen da aka sa maka ba. In ka yi a gida, ka karɓo hotunan da sunan kamfanin ƙarfen a rubuce. Katin NHIS na Gana ba zai taimake ka a nan ba, shi ma a ciko da cirewa da rage zafi ya tsaya.

Tambaya: Malam, man goge bakin da muka saba saye ya yi tsada, yarana biyar. Na koma saya musu mai araha da asuwaki. Ina cutar da su?

Amsa: A'a Hajiya. Juya kwalin ki duba, in an rubuta akwai sinadarin fuloraid kuma ga lambar NAFDAC, ya wadatar, sauran kuɗin na talla ne da ƙamshi. Ɗan kaɗan ake matsawa, kamar ƙwayar wake ga yaron da ya haura shekara uku, ba a shafe buroshin kaf kamar yadda ake nunawa a talabijin ba, kin ga bututu ɗaya zai daɗe. Su tofar, kada su kurkure da ruwa nan take. Asuwaki a ci gaba da shi da rana, amma na dare kafin barci a yi da man. Inda za ki sa ido shi ne kuɗin tara da kike ba su da safe, ki bi sawu ki ga nawa ne ke ƙarewa a wurin mai alewa da lemon leda a ƙofar makaranta.