Filin Murya: Harshen da Ya Ƙi Sakin Maƙogwaro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 22, ina yin amshi a wani sutudiyo a Kano, wani lokaci kuma a ba ni baiti ɗaya ko biyu in rera. Matsalata ita ce da na ɗaga murya sama sai in ji kamar an cusa mini lomar tuwo a maƙogwaro, ƙarƙashin haɓata ya kama ciwo, kafin awa ɗaya muryar ta dishe. Mai haɗa mana sauti ya ce kalmomina ba sa fita, wai kamar a cikin tulu nake waƙa. Na ga wani Bature a YouTube yana cewa a kwantar da harshe a ƙasan baki, har a riƙa danne shi da cokali don ya saba. Wata biyu ke nan ina yi, abin sai gaba yake yi. Ina kuskuren yake?
*Daga wata mai karatu a Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki ajiye cokalin nan daga yau. Kafin ki ci gaba da karanta amsata, ki sa babban yatsanki a ƙarƙashin haɓa, a wurin nan mai laushi da ke bayan ƙashi. Ki haɗiyi yawu. Za ki ji wurin ya yi tauri ya turo yatsan. To yanzu ki rera "aaa" a muryar da kika fi sakewa, ki riƙa hawa sama a hankali. In kika ji wurin yana tauri irin na haɗiyar yawu, kin kama mai laifin da hannunki.

Harshen da muke gani a madubi ɓangare ne kawai na abin da Allah Ya halitta mana. Tsokoki iri takwas ne suka haɗu suka yi shi, huɗu suna sauya siffarsa, huɗu suna ɗaure shi da sassan da ke kewaye da shi. Gindinsa ya gangara can ƙasa ya kama wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa kamar harafin U da ke saman wuya. Wannan ƙashi bai jingina da wani ƙashi ba, tsoka da jijiya ne suke riƙe da shi, kuma a jikinsa ne maƙogwaro yake rataye, wato gidan da tantanin murya yake ciki. Kin ga ke nan harshe da maƙogwaro awaki biyu ne a igiya ɗaya. In ɗaya ta fizga, dole ɗayar ta ji a wuyanta.

Sai batun cokali. Harshe ba ya raguwa don an danne shi. Ki tuna yadda ƙwaɓin fulawa yake: kika danna nan, sai ya kumbura can. In kika danne gaban harshe, naman sai ya koma baya, ya cika hanyar da sauti yake bi daga maƙogwaro zuwa baki. Tulun da mai haɗa sautinku yake ji ke nan, kuma ita ce lomar tuwon da kike ji. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, ya yi dabara da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana har ya ga tantanin muryarsa yana motsi. Har yau likitan da zai duba maƙogwaro da irin wannan madubi yakan riƙe harshen mutum da ƙyalle ya jawo shi waje, ya ce masa ya furta "iii", don gindin harshen ya matsa gaba ya ba shi hanya. Abin da ke tare wa likita gani, shi ne yake tare wa muryarki fita.

Ni ma na sha wannan wahalar. Ina ɗan shekara 19 nake yi wa wani makaɗi amshi a ƙasar Zazzau, kuma na ƙwallafa rai sai muryata ta yi kauri irin ta manya da nake ji a kaset. Na gano cewa in na tura harshe baya muryar tana yin nauyi a kunnena, sai na riƙe wannan. Ranar wani biki, tun kafin dare ya raba, murya ta ɗauke mini ƙaf. Wani dattijo da ke kaɗa mana kalangu ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ka haɗiye harshenka, da me za ka yi waƙar?" Ya ce in karanta masa amshin da baki kamar muna hira, sannan in ɗora masa karin waƙa ba tare da na sauya komai a cikin bakina ba. Muryar da ta fito siririya ce a kunnena, amma washegari na bayan taro suka ce ranar suka fara jin abin da nake faɗa. Nauyin da mawaƙi yake ji in ya danne harshe, a cikin kansa kaɗai yake. Na waje muryar toshewa take yi masa.

To ina ne mazaunin harshe? Gaskiya ba shi da wuri guda da za a ce ya zauna daram. Ki furta i, e, a, o, u a hankali kina kallon madubi. A "i" gaban harshe yana tashi kusa da ganɗa, wato rufin baki mai tauri, a "a" ya sauka, a "u" doronsa ya tashi ta baya. Wannan motsi shi ne yake bambanta wasali da wasali. Wanda ya ce ki kwantar da harshe a kan kowane wasali, ya ce ne ki mayar da su duka abu ɗaya. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne tsinin harshe ya riƙa hutawa a bayan haƙoran gaba na ƙasa duk lokacin da ake jan wasali, ya taɓa su kawai ba tare da turawa ba. Ya tashi ya buga baƙi, ya dawo gida. Sauran harshen kuma a bar shi ya bi wasalin inda ya nufa.

Mu da muke waƙa da Hausa muna da ƙarin dalili, kuma wannan ba za ki ji shi a bakin Baturen bidiyonki ba, don harshensa ba shi da waɗannan sautuka. Ki ɗora yatsa a maƙogwaronki ki ce "ƙasa", ki ce "tsuntsu". Za ki ji maƙogwaron ya yi ɗan tsalle sama, domin ƙ da ts da iskar da maƙogwaro ya tunkuɗo ake yin su. Ki ce "ɗaki", ki ce "ɓera", a nan kuma ƙasa yake ɗan yi. Masana tsarin sautin Hausa suna kiran na farko tunkuɗau, na biyu haɗiyau. Idan gindin harshe ya ƙanƙame maƙogwaro, ta ina zai samu wannan sakewar? Sai ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, "ƙafa" ta zama "kafa". Ga kuma ra ɗinmu iri biyu, ra-gare ta "tara" (lamba 9) da "barka", da ra-kaɗe ta "ruwa" da "rana", dukansu sai tsinin harshe yana da laushi suke fita. Ki saurari Mamman Shata, kalangai suna ta zuba a bayansa amma ba ki rasa kalma ɗaya. A ganina rabin wannan baiwa a sakakken harshe take.

Ga abin da nake so ki riƙa yi kullum da safe, minti 10 ya isa. Ki zaro harshe ki ɗora shi a kan leɓen ƙasa, sake-sake kamar na mai barci, ki rera amshin da kuke aiki a kansa a haka. Sautin ba zai yi daɗi ba, kuma za ki ji harshen yana ƙoƙarin guduwa ciki duk lokacin da kika zo wurin hawa. Wannan guduwar ita muke farauta, ki lura da inda take zuwa. Bayan sau uku ko huɗu ki mayar da shi ciki ki sake rerawa, yatsanki yana ƙarƙashin haɓa yana gadi. Daga nan ki gara "rrr" irin ta "barka", ki hau da ita sama ki sauko, don harshen da ya sandare ba ya garuwa. In ta yanke a wani wuri, a nan ne kike matsewa. Ki kuma duba muƙamuƙinki, shi da harshe tare suke ɗaurewa, tare suke kwancewa.

Sai dai ki sani, sau da yawa harshe ɗan taimako ne da ya shigo aikin da ba nasa ba. In numfashi ya gaza, ko waƙar ta fi ƙarfin muryarki tsawo, sai ya kawo ɗauki ta hanyar matsewa. A sutudiyo akan ɗora kiɗa daidai muryar namijin da ke jan waƙar, mace kuma a bar ta ta yi ta miƙewa sama. Ki roƙi mai haɗa sauti ya ɗan sauke kiɗan ku gwada, a kwamfuta aikin minti ɗaya ne. Ki kuma ce ya ƙara miki muryarki a hedifon, don wanda ba ya jin kansa ƙara ƙarfi yake yi bai sani ba. Ki yawaita shan ruwa, musamman da hunturu. Idan dishewar ta kai mako huɗu ba ta tafi ba, ko kina jin zafi wajen haɗiya, ki bar duk wani atisaye ki je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba tantanin.

Tambaya: Malam, ni ba mawaƙi ba ne, ina shirin shiga musabaƙar Alƙur'ani ne. In na zo haruffa masu kauri kamar sadi da ɗa da ƙaf, sai wuyana ya ɗaure, kafin in gama shafi na gaji. Ko shawararka ta shafe ni?
*Daga wani ɗalibi a Maraɗi*

Amsa: Allah Ya ba da sa'a, ɗana. Karatu daban, waƙa daban, kuma hukuncin makhraji, wato mafitar harafi, malaminka na tajwidi ne zai yanke maka. Amma harshen ɗaya ne. A ƙidayar Ibnul Jazari mafitar haruffa 17 ce, 10 daga ciki a harshe suke, ka ga shi ne ya ɗauki mafi yawan aikin. Haruffan nan bakwai masu kauri dole doron harshe ya tashi a kansu, wannan daidai ne. Abin da nake yawan ji ga matasa shi ne harshen ya tashi ya ƙi saukowa, sai harafin da ke biye ma ya yi kauri, wuya kuma ya zauna a ɗaure har ƙarshen aya. Ka ɗauki kalma ɗaya mai harafi mai kauri da marar kauri a jere, ka karanta ta a hankali sosai gaban malaminka, ka lura da lokacin da harshen yake komawa mazauninsa. Gwajin yatsa a ƙarƙashin haɓa da na faɗa wa 'yar'uwarka a sama zai yi maka aiki kai ma.

Tambaya: Kakata ta ce belina ne ya yi tsawo shi ya sa muryata take shaƙewa in ina waƙa, wai a kai ni wurin wanzami a cire. In yarda?
*Daga wata mai karatu a Gusau*

Amsa: Kada ki yarda, 'yata, kuma ki faɗa wa kaka haka cikin ladabi, don ƙauna ce ta sa ta faɗa. Beli ba shi ne yake yin murya ba, yana taimaka wa hanɗa ne, wato sashen rufin baki mai laushi na can baya, wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya da magana. Yanke shi a gida yana iya jawo zubar jini mai yawa da shigar ƙwayoyin cuta, kuma shaƙewar tana nan inda take. Ki yi gwajin yatsa tukuna ki rubuto mini abin da kika ji. In kuma kina ganin belin ya kumbura ko yana taɓa harshe yana sa ki tari, ku tafi asibiti tare da kakar, likita ya duba a gabanta.