Karatun Lauya a Gana: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare, ya ce shi lauya zai karanta. Kuɗin shekara nawa zan tanada? Daga wata uwa a Nima.

Amsa: Hajiya, ki yi lissafin shida, kada ki tsaya a huɗu. Mai shiga da sakamakon WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, yana yin shekara 4 kafin ya samu digirin shari'a na LLB, ko a Jami'ar Gana da ke Legon ne ko a jami'ar KNUST ta Kumasi. To amma digirin kaɗai ba ya ba shi damar tsayawa wa kowa a kotu. Tsarin da aka daɗe a kai shi ne ya ci jarrabawar shiga Makarantar Lauyoyi ta Gana, wadda ke Makola a Accra, aka kuma kafa ta a 1958, ya ƙara shekara 2, a rantsar da shi, sannan ya yi wata 6 yana koyon aiki a ofishin babban lauya. A jarrabawar shigar nan da yawa suke maƙalewa. Idan kuma jami'a mai zaman kanta ce, kafin ki biya ko sidi ɗaya ki tabbatar hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da kwas ɗin kansa, kada ginin ya ruɗe ki.

Tambaya: Na samu gurbi. Wani na sayar mini da tsofaffin littattafansa da araha, in saya? Daga wani ɗalibi a Aboabo.

Amsa: Ɗan'uwa, buɗe shafin farko ka duba shekarar bugu. Littafin dokar kamfanoni da ya girmi 2019 a kan dokar 1963 aka rubuta shi, wadda Doka ta 992 ta maye gurbinta. Na filaye ma haka, tunda an yi Doka ta 1036 a 2020. Arahar nan ba ta ado, a ɗakin jarrabawa za ka gane. Tsohon littafin dokar yarjejeniya dai yana iya kai ka, don hukunce-hukuncen cikinsa ba sa saurin tsufa.

Sabo kuwa, sayi Kundin Tsarin Mulkin 1992 da Dokar Laifuffuka ta 1960. Ka ƙara da dokar gado ta 1985, PNDCL 111, don tun kana aji ɗaya mutanen zango za su fara tare ka a ƙofar masallaci da tambayar rabon gida.