Tambaya da Amsa: Yaya Zan Yi Tuwona Ya Yi Kyau a Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar Makka ce, kuma ni da ƙanena muna da ɗan gidan abinci a wajen Shari'u Mansur, inda muke sayar da tuwon shinkafa da miyar kuka da miyar taushe da waina da ɗanwake, sai kuma shinkafar bukhari saboda maƙwabtanmu Larabawa. Kwanan nan muka shiga ɗaya daga cikin manhajojin kai abinci gida, aka nemi mu tura hoton kowane abinci da ke jerinmu. Na ɗauka da wayata a kicin da dare bayan mun tashi, amma tuwon ya fito fari fat kamar dunƙulen alli, miyar kuka kuwa baƙa ƙirin kamar taɓo. Ƙanena ya ce mu kwaso hotuna daga intanet ko mu sa kwamfuta ta ƙirƙira mana, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Shin sai mun sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki bar kuɗin kyamara a jakarki, domin abin da ya ɓata miki hotunan kin faɗe shi da kanki a wasiƙarki: kicin, da dare, bayan an tashi. A wannan lokaci tuwo ya riga ya sandare, miya ta yi yana a sama, hasken da ya rage kuma na fitilun rufi ne, wanda shi ne mafi muni ga abinci.

Kowace fitila tana da nata launi, ko da idonmu bai lura ba. Masu hoto suna auna wannan da ma'aunin Kelvin: hasken rana yana wajen 5500, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kuwa wajen 2700 zuwa 3000, wasu dogayen fitilun kicin kuma sukan jefa wa abu ɗan kore-kore. Idan iri biyu suka haɗu a kan faranti ɗaya, waya takan rasa wanne ne fari na gaskiya, sai ta yi canki-canka, kuma miyar kuka, wadda dama launinta tsakanin kore da ƙasa-ƙasa yake, ita ce ta farko da ke shan wahala. Ga kuma wani abu da ya shafi ƙasar nan: wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar kuwa sau 50, shi ya sa idan kyamarar waya a saite take a kan 50, a wasu lokuta akan ga duhun layuka sun ratsa hoton da aka ɗauka ƙarƙashin fitila mai araha. Idan wayarki tana da wurin saita wannan, ki mayar da shi 60.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ki kashe fitilun gaba ɗaya, ki ja ƙaramin tebur zuwa bakin taga ko bakin ƙofa da hantsi ko bayan la'asar, ta yadda haske zai zo daga gefen farantin ko daga ɗan bayansa. Kada ki fita da abincin tsakiyar rana, domin ranar Makka takan tsaya a tsakar ka, har ma sau biyu a shekara, a ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuli, takan daidaita saman Ka'aba, kuma hasken da ya sauko daga sama kai tsaye yakan shafe duk wani tudu da kwari da ke jikin abinci. Idan hasken tagar ya yi zafi, ki rataya farin gutura marar kauri, wato ƙyallen da mazan Larabawa ke yafawa a ka, a jikinta, zai tace shi ya yi laushi. A ɗaya gefen, inda inuwa ta faɗa, ki sa ƙanenki ya riƙe farin kwali ko ya ware tawul ɗin harami, wanda babu gidan da ya rasa shi a garin nan, za ki ga hasken ya dawo ya cike duhun. Fitilar waya kuwa ki manta da ita, don babu abin da take yi face mayar da mai ya zama ƙyalli mai ɗaukar ido.

Sai batun tuwo da miyar kuka, wanda a ganina shi ne abu mafi wuyar ɗauka a duk girkinmu. Ɗaya fari ne ƙwarai, ɗayar kuma mai duhu, waya kuwa ba ta iya gamsar da su biyun lokaci guda kamar yadda ido yake yi: idan ta bi miya sai tuwon ya ƙone da haske, idan ta bi tuwo sai miyar ta nutse. Ki taɓa allon wayar a kan malmalar, ki ja hasken ƙasa kaɗan har sai kin fara ganin saƙar shinkafar da sawun mara a jikinta, sannan ki matso da farin kwalin kusa da miyar don ya haska ta. Ki shirya komai tukuna da kwano wanda babu kome a ciki, wato wurin zama da tsayin waya da haske, sai a zubo miyar daga wuta a ƙarshe, a juya ta sau ɗaya da ludayi, ki ɗauka nan take kafin ta yi yana. Ki ɗaga yankan nama guda biyu su leƙo sama, ki ɗiga man shanu a bar shi ya fara narkewa, ki ajiye ɗan yaji a gefe, domin jan yajin da ruwan ɗorawar man su ne ke gaya wa ido cewa wannan abu na ci ne. Wata malmala ki gutsure gefenta ki tsoma lomar a miya. Wanda bai taɓa ganin tuwo ba, kamar maƙwabtanki Larabawa, daga nan zai gane yadda ake cinsa. Ki goge bakin kwanon da tsumma mai tsabta, ki kuma guji tiren silba da ledar sufura mai sheƙi da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, don suna mayar da haske kamar madubi. Faifai ko tabarmar kaba ko katako marar fenti sun fi su nesa ba kusa ba, akushi kuma yana yi wa farin tuwo kyau fiye da farin faranti.

Tsayin waya ya danganta da siffar abincin. Abin da yake shimfiɗe, kamar tiren bukhari ko waina da aka jera, daga sama ake ɗaukarsa. Tuwo da ɗanwake sun fi kyau daga inda idon mai ci yake idan ya zauna, kofin zobo ko na fura kuwa daga gefe, daidai tsayinsa. Kada ki kusanto da wayar har bakin kwano, domin babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, takan kumbura abin da ke kusa ta lanƙwasa gefen faranti. Ki ja da baya ki danna 2x a allon kyamarar, wato alamar da ke jawo abu kusa ninki biyu. Kafin komai ki goge gilashin kyamarar, saboda wayar da ke zama a kicin ba ta rabuwa da maiƙo. Ki bar fili a kowane gefe na farantin, tunda manhajoji sukan datse hoto yadda ya dace da nasu tsarin, kuma ki ɗauki dukan abincin a wuri ɗaya da shimfiɗa ɗaya don jerin ya zama kamar 'yan gida ɗaya.

Game da shawarar ƙanenki, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Hoton da ke intanet yana da mai shi, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, mai saye a manhaja ba ya jin ƙamshi, ba ya leƙa tukunya, hoton nan shi ne kaɗai abin da ya gani kafin ya biya, saboda haka matsayinsa matsayin samfurin da ɗan kasuwa ke nunawa ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ni kaina na taɓa sayen mandi daga wani gidan abinci a Jidda saboda rabin kazar da na gani kwance a kan shinkafa, da mai kawo saƙo ya iso na buɗe sai na tarar da cinya ɗaya tal. Ban yi ƙara ba, amma ban sake komawa ba. Ki tuna kuma tun 2019 Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, a jerin abincinsu, kuma wannan adadi a kan kason da ake ba mutum ake lissafa shi. Idan malmala biyu da yanka uku kike zubawa, su za ki nuna. Gyaran haske kaɗan babu laifi, amma kada ki ƙara launi har miyar taushe ta koma kalar lemo. Idan za ki tura hotunan ta WhatsApp, ki tura su a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kaifi.

Tambaya: Malam, ni mai tsire ne a Jidda, wanda mutanen Hijaz ke kira siriyya, kuma sana'ata ta dare ce, ba na hura wuta sai bayan magariba. Ina zan sami hasken tagar da ake ta faɗa? Na kuma so in ɗauki layin masu saye don a ga ana rububin kayana.

Amsa: Alhaji, rana ɗaya ka yi sammakon hura wuta da la'asar, ka gasa tsinke goma saboda hoto kawai, tunda hoton jeri sau ɗaya ake ɗaukarsa ya yi shekara yana aiki. Ka ɗauka da zarar ka sauke, lokacin da mai yake tsatstsafowa ta cikin ƙuli-ƙuli, ka sa hasken ya zo daga baya kuma bangon ya zama mai duhu, a nan ne tururi yake fitowa a hoto. Zoben albasa da yankan tumatir da tulin yaji a kan takarda sun isa ado. Idan dole sai da dare, ka yi amfani da fitila fara guda ɗaya daga gefe, ka kashe sauran.

Layin masu saye kuwa ka bar shi. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya, ta shekarar 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar kyamarar waya, kuma ka san yadda mutanen nan suke da fuskokin iyalansu. Idan kana son a ga motsi a hoton, ka sa yaronka ya ɗauki hannunka kana barbaɗa yaji a kan nama, daga wuyan hannu zuwa ƙasa.