Tambayoyinku: Waken Suya da Tunkuza a Abincin Tarwada

Tambaya: Ina kiwon tarwada, sun kai wata biyu. Abincin buhu ya fi ƙarfina, sai na koma niƙa waken suya da tunkuza da masara ina ba su. Yau sati uku ke nan sun tsaya cak, ruwan kuma sai wari. Ina na kuskure? (Mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Malam, abu na farko, ka soya waken kafin niƙa? Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana kifi narka furotin, sai ya ci ya kasayar ba tare da ya amfana ba. Zafi ke kashe sinadarin. A zuba waken a kasko, a wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ɓawon ya fara tsagewa. Fasa ƙwaya ɗaya ka duba: idan cikinta ya yi ruwan zuma, gafin ɗanyen wake ya tafi, to ya yi. Idan ya yi baƙi an wuce gona da iri, domin ƙuna na lalata lisin, wani sinadari ne cikin furotin wanda kifi ba ya girma sai da shi.

Na biyu, ka cire garin kifi gaba ɗaya, alhali tarwada ta fi karkata ga cin nama. Waken suya ya gaza a mesayonin (shi ma sinadari ne cikin furotin kamar lisin), tunkuza kuma ta gaza a shi da lisin duka. Ƙamshin garin kifi ma shi ke sa su wawar abinci. Ga haɗin kilo 100 da zai ba da furotin wajen kashi 35 cikin 100: garin waken suya na kamfani, wanda aka tatse mansa, kilo 35, tunkuza busasshiya 20, garin kifi 15, masara 22, garin rogo 5 don ya riƙe haɗin, garin ƙashi ɗaya da rabi, firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) rabin kilo, gishiri rabi, lisin da mesayonin kwatan kilo kowanne. Idan waken gida ka soya, kai shi kilo 40 ka rage masara zuwa 17, saboda furotinsa bai kai na kamfani ba. Ƙananan 'ya'yan kifi kuwa suna bukatar kashi 40 zuwa 45, gara a bar su a kan abincin buhu.

A kula da tunkuza sosai. Wadda ta yi funfuna ko take warin rima tana iya ɗauke da dafin afalatoksin mai cin hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Zubar da ita ya fi arha.

Warin ruwa kuma daga gari ne. Gari watsewa yake ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. A kwaɓa da ruwan zafi, a fitar da shi ƙwaya-ƙwaya a inji, a shanya ya bushe ƙarau. A ba su kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinsu a rana, safe da yamma, a wuri ɗaya, da zarar sun rage rububi a tsaya.

Tambaya: Angurya fa? Tana da arha a wajenmu. (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Ana sawa, amma kaɗan. Ɗigon baƙin da ke cikin ƙwayar yana ɗauke da gosifol, mai ɗaure lisin ya kuma dakushe girma. A tankaɗe ɓawon, kada ta wuce kilo 10 cikin 100, a rage tunkuza daidai da hakan. Iyayen da ake ajiyewa don ƙyanƙyasa kada a ba su ko kaɗan.